Yayana ya daina shan giya amma mantuwa ta kama shi: me jinya ta hanyar aiki za ta yi masa?

Wani bawan Allah daga wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu ya rubuto cewa yayansa, mai shekara 52, ya shafe fiye da shekara 20 yana tuƙin babbar mota a Kudu, kuma a can ya faɗa shan giya ba da sanin iyali ba. Wata biyar da suka wuce aka dawo da shi gida a ruɗe, yana tafiya yana tangaɗi, aka kwantar da shi a asibiti, kuma tun daga lokacin bai sake sha ba. Sai dai yakan ci abinci ya ce ba a ba shi ba, yakan ba da labarin abin da bai faru ba, kuma yakan wuni a zaune a ƙofar gida bai ɗaga ko tsinke ba. Wasu a dangi sun ce sammu ne, wasu sun ce ƙarya da lalaci ne kawai. Likita ya ce giya ce ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya ba da shawarar a nemi masu jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum. Mai tambayar yana son sanin mece ce wannan jinya, kuma ko yayansa zai dawo yadda yake.

Malam, Allah ya ba yayanka lafiya, ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi a kansa. Wannan jinya da likita ya ambata ita ce sana'ata, kuma abu na farko da nake so ka riƙe shi ne cewa ciwon yayanka ya bambanta da gigin tsufa da muka saba gani a wurin dattawa. Gigin tsufa, musamman irin wanda ake kira cutar Alzaima, kullum gaba yake yi komai ƙoƙarin da aka yi. Mantuwar da giya ta jawo kuwa takan tsaya inda take idan an daina sha kuma an gyara cin abinci, kuma sau da yawa takan ja baya a hankali cikin watanni, har zuwa shekara biyu ko uku. Saboda haka wahalar da za ku sha a kansa tana da riba, muddin an bi ta hanyar da ta dace.

Alamomin da ka lissafa sun yi kama da abin da likitoci ke kira ciwon Wernike da Korsakof, duk da cewa likitan da ya duba shi ne kaɗai zai tabbatar. Giya tana cutar da ƙwaƙwalwa ta fuska biyu. Ita kanta guba ce ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, musamman sashen gaba, wajen goshi, wanda ke kula da tsara aiki da yanke shawara da kame kai. Sannan tana hana hanji tsotsar wani sinadari mai suna tayamin, wato bitamin B1, ga shi kuma mashayi ba ya damuwa da abinci. Abin da jiki ke iya ajiyewa na wannan sinadari kaɗan ne ƙwarai, bai wuce na mako biyu zuwa uku ba, kuma idan ya ƙare, wasu ƙananan sassa a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke ɗaukar sabon abu su adana sai su fara lalacewa. Matakin farko, mai zuwa da ruɗewa da tangaɗi da rawar ido, wani likita Bajamushe mai suna Wernike ne ya bayyana shi a 1881. Mantuwar da ke biyo baya kuma wani likitan Rasha, Korsakof, ya fara rubutu a kanta a 1887.

Abin da ya fi amfani gare ku shi ne sanin abin da ya lalace da abin da ya tsira, domin a kan wanda ya tsira ake gina jinyar gaba ɗaya. Tunaninsa kamar rumbu ne da tsohon hatsi ke nan a ciki, ko da ɓera ya taɓa na sama-sama, amma an toshe bakin da ake zuba sabo. Shi ya sa zai iya faɗa maka sunayen abokan wasansa na ƙuruciya da surorin da ya haddace a makarantar allo, amma ba zai tuna tuwon da ya ci ɗazu ba. Sai dai akwai wani irin sani da ba ta wannan bakin yake shiga ba, wato sanin da ke hannu da ƙafa, irin na riƙe fartanya da tufkar igiya da jeranta alwala. Wannan yakan tsira, har ma akan iya ƙara sabo a kansa ta hanyar maimaitawa. Haka nan abin da zuciya ta ji yakan zauna ko da dalilinsa ya ɓace. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Claparède ya ba da labari a 1911 cewa ya ɓoye allura a tafin hannunsa ya gaisa da wata mai wannan ciwo, allurar ta soke ta. Jim kaɗan ta manta da abin da ya faru, amma da ya sake miƙa mata hannu sai ta ƙi karɓa, ba tare da ta iya faɗin ainihin dalili ba. Ina roƙon ka karanta wa mutanen gidanku wannan labari, domin ma'anarsa ita ce duk wanda ya daka wa yayanka tsawa yau, gobe zai manta da maganar amma zai riƙa ɗari-ɗari da mutumin.

Game da ita jinyar, sunanta na Turanci, wato "occupational therapy", yakan sa mutane su zaci koyar da sana'a ce, wasu kuma su haɗa mu da masu gashin ƙashi. Masu gashi suna aiki a kan ƙarfin gaɓoɓi da tafiya, kuma yayanka zai iya amfana da su saboda tangaɗin. Mu kuwa abin da muke dubawa shi ne duk aikin da ke cika ranar mutum tun daga farkawa har kwanciya: wanka, sa tufafi, alwala da salla, cin abinci, zuwa gona, riƙe kuɗi, zama cikin jama'a. Idan aka kawo mini majinyaci irin yayanka, ba na tsayawa a kan tambayar wace rana ce yau. Nakan ba shi buta in ce ya yi alwala, in zuba ido in ga daidai inda yake tsayawa: shin farawa ce ke gagararsa, ko jeri ne ke rikice masa, ko ya wanke fuska ya manta ya sake wankewa, ko tsugunon ne ƙafafunsa ba sa ɗauka? Kowanne da maganinsa daban. Masu wannan sana'a ba su da yawa a Nijeriya, kuma galibinsu a manyan asibitoci suke. Za ka iya tambaya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu su nuna muku inda za ku dosa, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Amma ko kun samu, ganin ma'aikaci sau ɗaya a wata ba zai wadatar ba. Ainihin aikin a tsakar gidanku za a yi shi, kuma ku ne za ku yi.

A fara da tsara masa rana guda wadda ba ta canzawa. A ƙasashen Turai sai an rataya manyan agogo da alluna a bango kafin a samar wa irin waɗannan majinyata abin da mu muke da shi a ƙauye kyauta, wato kiran salla sau biyar. Ku ɗaura kowane aiki a jikin salla ɗaya: bayan asuba koko da magani, da hantsi aikin hannu, bayan azahar abinci da hutu, bayan la'asar ba dabbobi ruwa da harawa, bayan magariba tuwo da hira, bayan isha kwanciya. Ya kasance wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kuma in da hali mutum ɗaya ne ke tare da shi a kowane aiki. Butarsa da takalminsa da hularsa kada a gusar da su daga inda ya saba samunsu. Salla kuma a riƙa kai shi jam'i, domin mai wannan ciwo yakan rasa raka'a ta nawa yake idan shi kaɗai ne, amma a bayan liman jikinsa zai bi sahu ba tare da wahala ba, ga kuma gaisawa da mutane da zai samu sau biyar a rana.

Sai hanyar koyarwa, wadda ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce iyalai suka fi kuskurewa saboda ta saɓa da yadda muka tashi. Mun saba cewa idan mutum ya yi kuskure aka gyara masa, gobe ba zai sake ba. Wannan yana aiki ne ga wanda zai tuna an gyara masa. Yayanka ba zai tuna gyaran ba, amma hannunsa zai riƙe kuskuren, tunda shi ma abu ne da ya aikata. Don haka ƙa'idar ita ce kada a bar shi ya yi kuskuren tun farko, kuma kada a sa shi canka. Tambayoyi irin su "Yaya, ka gane ni?" ko "Me ka ci da safe?" ku daina su kwata-kwata, domin jarrabawa ce da aka san zai faɗi, kuma abin da zai rage masa a zuciya kunya ce. Mai shigowa ya faɗi sunansa da kansa: "Yaya, ni ne autanku, na kawo maka fura."

Na taɓa jinyar wani magidanci da wannan ciwo ya kama, wanda kullum dare sai ya fita neman bayan gida ya ɓuge a ɗakin matar ƙaninsa, har abin ya kusa raba zumunci, don an fara zargin da gangan yake yi. Abin da muka yi shi ne muka ɗaura farar igiya daga bakin ƙofarsa har zuwa katangar bayan gida, muka rataya fitila mai caji a ƙarshenta. Ɗansa ya riƙa ɗora hannun uban a kan igiyar yana cewa kalma ɗaya tak, "Baba, bi igiya," su taka tare, sau biyar ko shida a rana, da rana tsaka ma ba sai dare ba. Duk lokacin da ƙafarsa ta nufi hagu, yaron ba ya cewa "ba nan ba ne", sai dai ya tare shi da kafaɗa a hankali kafin ya juya. Bayan kwanaki yaron ya daina riƙe hannun, ya koma tafiya a bayansa, daga baya ya koma faɗin kalmar daga nesa. Ranar da na koma gidan na tarar da mutumin ya fito daga ɗaki, hannunsa ya kai kan igiyar da kansa, ya bi ta har ƙarshe. Da na tambaye shi wa ya ɗaura ta, sai ya ce ai tun zamanin mahaifinsa take nan. Ban musa masa ba. Haka za ku yi da kowane aiki: a raba shi ƙanana-ƙanana, a nuna, a yi tare, a maimaita da kalmomi iri ɗaya, sannan a riƙa janye taimako kaɗan-kaɗan. Kada a haɗa sabon abu biyu a lokaci guda.

Zaman da yake yi a ƙofar gida ba lalaci ba ne. Sashen goshin da giya ta taɓa shi ne ke tayar da mutum ya fara aiki, kuma idan ya raunana, mutum zai iya wuni yana kallon aikin da ya iya sarai bai taɓa ba. Idan ka tambaye shi ko yana son zuwa gona zai ce a'a, ko ya ce to ya ci gaba da zama. Maimakon tambaya, ka sa masa abin a hannu ka zauna kusa da shi ka fara: "Yaya, taya ni ɓarar gyaɗar nan." Ku zaɓi aikin da ya sani tun yana yaro kuma ake ganin sakamakonsa nan take, kamar ɓarar gyaɗa, ɓare masara, tsince wake, tufkar igiya, gyaran zana, ko cire ciyawa a kunya ɗaya da aka nuna masa farkonta da ƙarshenta. Tunda direba ne, wanke babur ko goge amalanke zai iya faranta masa rai fiye da yadda kuke zato. A fara da minti goma sha biyar zuwa ashirin, a tsaya tun bai gaji ba. Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan abu ɗaya a nan: kada a ba babban mutum aikin wasa don kawai a ɗauke masa hankali. Gyaɗar da ya ɓare a sa ta a miya, a faɗa a gabansa cewa tasa ce, domin magidancin da ya ciyar da gida shekara da shekaru yana bukatar ya ji har yanzu ana cin guminsa. Tuƙi kuwa, na mota ko na babur, a rufe wannan babi yanzu, haka ma jan ruwa a rijiya da feshin maganin ƙwari.

Labaran da yake bayarwa ba ƙarya ba ce a ma'anar da muka sani, domin maƙaryaci ya san gaskiya ya kauce mata, shi kuwa ƙwaƙwalwarsa ce ke cike gurbin da ya ɓace da guntayen tsofaffin abubuwa, kuma ya yarda da su ɗari bisa ɗari. Idan ya tashi da safe ya ce an loda masa kaya zai kama hanyar Legas, gardama ba za ta haifar da komai ba sai faɗa. Ka tambaye shi yadda hanyar take a zamaninsa, ka bar shi ya ɗan yi labari, sannan ka ce a karya tukuna. Sau da yawa kafin ya gama shan koko maganar ta wuce, kuma wannan alama takan ragu da tafiyar lokaci. Inda ba a sakaci shi ne maganar bashi, da sayar da gona, da furucin saki. Ku nemi takardar likita da ta bayyana halin da yake ciki, dattawan gida da mai unguwa su san da ita, kuma idan irin wannan magana ta taso a kai ta gaban malamai ko alƙali tare da takardar.

Akwai kuma ƙafafu, waɗanda akan manta da su. Giya da ƙarancin tayamin suna kashe jijiyoyin tafin ƙafa, ta yadda ƙaya za ta soke shi ko rairayi mai zafi ya ƙona shi bai ji ba. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, kuma da hunturu a nisanta kaskon wuta daga shimfiɗarsa. A kafa turke mai ƙarfi a gefen masai wanda zai riƙe wajen tsugunawa da miƙewa, ya yi wanka a zaune kan kujera, a kawar da turmi da itace daga hanyarsa. A ɗinka masa 'yar takarda a aljihun riga mai ɗauke da sunansa da sunan garinku da lambar wayarka. In yana karatu, da boko ko da ajami, a rubuta masa ayyukan ranar a allo, a riƙa sa shi ya ja layi da hannunsa a kan abincin da ya ci, don idan ya ce ba a ba shi ba sai ku duba allon tare.

Abinci kuma magani ne a wannan ciwo. Ƙwayar tayamin da aka rubuta masa ya ci gaba da sha har sai likita ya ce a daina, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ajiye magani yana ba shi, don kada ya sha sau biyu. Wake da gyaɗa da riɗi suna da wannan sinadari sosai. A hatsi kuwa yawancinsa a dusa yake, don haka surfen da ake yi har gero ko dawa su yi fari fat yana zubar da shi, kuma shinkafar da aka turara kafin a cashe ta fi farar da aka goge riƙe shi.

Komawa shan giya ita ce babbar barazana, kuma mantuwar da kanta tana ƙara haɗarin, domin zai iya manta cewa ya daina, ya manta ma dalilin da ya sa. Alkawari da rantsuwa ba za su tsare shi ba, tsarin da kuka kewaye shi da shi ne zai tsare shi. Kada ya riƙe kuɗi masu yawa, kada ya je kasuwa ko tasha shi kaɗai, a lura da tsofaffin abokan hanya masu zuwa gaisuwa, kuma a yi hattara da magungunan gargajiya na kwalba, domin wasu a cikin barasa ake jiƙa su. Idan ƙaddara ta sa ya koma sha kullum, kada ku kulle shi a ɗaki ku yanke masa lokaci guda, saboda yankewar gaggawa ga wanda jikinsa ya saba tana iya kawo farfaɗiya da mummunar ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku, har ta kai ga rasa rai. A asibiti ake yin wannan. Haka nan a garzaya da shi idan ruɗewarsa ta ƙaru farat ɗaya, ko ya fara ganin abu biyu-biyu, ko idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa ya kumbura, ko ya yi aman jini, ko barci ya riƙa rinjayarsa bayan ya faɗi ya bugu a ka. Ku faɗa wa ma'aikatan asibiti tarihin shan giyarsa tun a bakin ƙofa, domin sanin hakan ne zai sa su yi masa allurar tayamin kafin ko tare da ƙarin ruwa mai sukari, wanda idan aka ba shi shi kaɗai yana iya tsananta ciwon.

Na san nauyin da wannan magana take da shi a wurinmu, inda addini ya haramta giya kuma doka ta hana ta, kuma na san kunya ce ke sa iyalai da yawa su gwammace a ce sammu ne. Addu'a da roƙon Allah ba su hana komai daga abin da na lissafa ba, ku dage da su. Abin da nake roƙo shi ne kada a kai shi inda za a sa masa mari ko a doke shi da sunan cire masa taurin kai, domin ba zai tuna darasin ba, tsoron kawai zai kwaso, ga shi kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan majinyata. Ku kuma dubi matarsa. A yawancin gidajen da na shiga, ita ce ke amsa tambaya ɗaya sau talatin a rana, ita ake zargi da hana shi abinci, kuma wataƙila ita ta fi kowa shan wahalar shekarun da ya yi yana sha. Ku raba kwanakin mako tsakaninku ta yadda za ta samu ranar da za ta je gidansu ko biki hankalinta kwance.

Game da ko zai dawo yadda yake, ƙiyasin da likitoci suka fi ambata shi ne cewa cikin masu wannan ciwo da suka daina sha kuma suka samu kulawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna warkewa sosai, kusan rabi suna samun sauƙi, wasu mai yawa wasu kaɗan, sauran kashi ɗaya cikin huɗu kuma suna zama yadda suke. Wata biyar ya yi kaɗan a san rukunin da yayanka zai faɗa. Abin da na fi gani shi ne tafiya da tsafta da aikin hannu suna riga tunani dawowa, kuma mutum yana iya komawa kiwo da ƙananan ayyukan gona alhali har yanzu ba ya tuna baƙon da ya zo jiya. Don kada ku auna shi da abin da ya fi jinkiri, ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubutawa duk ranar Juma'a: wane aiki ya yi da kansa a makon, wanne sai da aka tuna masa da baki, wanne sai da aka kama hannunsa, sau nawa ya faɗi, sau nawa ya fita ya ɓace. Ka tafi da littafin duk ranar da za ku ga likita ko ma'aikacin jinya, domin da shi za a san aikin da ya kamata a ƙara masa da taimakon da lokaci ya yi a janye.